Dolfin: Ɗan'uwan Dorina da Girkawa Suka Kai Sama

A farkon ƙarni na 2 Miladiyya, wani babban ma'aikacin daular Rum da ake kira Filini Ƙarami ya rubuta wa abokinsa wasiƙa, ya ba shi wani labari da ya tsinta ana hira a wajen cin abinci. Abin ya faru a Hippo, wani ƙaramin gari na bakin teku, inda Bizerte ta ƙasar Tunisiya take a yau. Yaran garin sukan yi gasar ninƙaya, wanda ya fi nisa da gaɓa shi ne gwani. Rannan wani yaro ya yi wa sauran fintinkau, sai ga wata dabba ta ɓullo, ta sha gabansa, ta koma bayansa, ta kewaye shi, can sai ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi a gadon bayanta. Ta nausa da shi cikin teku, yaro ya sadaƙar, sai kuma ta juyo ta dire shi a gaɓa. Kashegari gari ya fito kallo. Kafin a yi kwanaki tsoro ya gushe, ana shafa ta, ana wasa da ita, yaron na hawanta kamar doki. Wani wakilin gwamna ya zo, ganin abin kamar na iskoki ne, ya zuba mata man ƙamshi. Warin ya gigita ta, ta ɓace kwana da kwanaki kafin ta dawo. Daga nan manya suka ɗauki hanya. Wannan ya zo da tawagarsa, wancan ya zo da tasa, kuma saukarsu da cinsu da shansu duk a wuyan talakan gari. Da ɗawainiya ta ishi mutanen Hippo, sai suka yi shawara a ɓoye suka kashe dabbar.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ziyarar manya ke tatse ƙaramin gari ba zai ƙaryata Filini ba. Dabbar nan ita ce dolfin.

Ba mu da sunanta na gado a Hausa, don ƙasarmu ba ta bakin teku ba ce. Larabawa sun ari "dulfin" daga Girkanci, mu kuma yawanci mukan ce "kifin dolfin", kuma tun daga nan aka fara tuntuɓe. Kama da wane ba ta wane. Dubi wutsiya kawai: ta kifi a tsaye take, yana kaɗa ta dama da hagu, ta dolfin a kwance take, yana buga ta sama da ƙasa, yadda ƙashin bayan doki ke lanƙwasa in yana sukuwa. Huhu gare shi, iskar da muke shaƙa ita yake shaƙa, ta ƙofar hancin da ke tsakiyar kansa. In raga ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa na wasu mintuna, mutuwa zai yi kamar ni da kai. Macen takan yi goyon ciki wajen wata 12, ta haifi ɗa guda, galibi wutsiya ce ke fara fitowa, ta shayar da shi nono, ya yi shekara uku ko fiye yana bin ta.

Aristotal, masanin nan na Girka, ya san duk wannan tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Har ya ruwaito cewa masunta kan yi wa dolfin tsaga a wutsiya su sake shi, kuma ta haka aka gane wasu na kai shekara 25 zuwa 30. Duk da haka Turai ta ci gaba da lissafa shi cikin kifaye kusan shekara dubu biyu, sai a 1758 Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya mayar da shi sahun dabbobi masu shayarwa. Matsalar suna ba ta bar malamanmu ba su ma. A littattafan Larabci akwai abin da ake ce wa "aladen ruwa", kuma Addamiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, ya kawo wannan laƙabi a bayaninsa na dulfin. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik game da aladen ruwa, bai ba da amsa kai tsaye ba, sai ya ce ai ku ne kuke ce masa alade. Sinawa ma "aladen teku" suke ce masa har gobe. Kowa ya gan shi sai ya laƙaba masa sunan wata dabbar da ya riga ya sani.

Abin dariyar shi ne, duk cikin masu laƙabin babu wanda ya dace da ainihin danginsa. A cikin dabbobin da ke raye a doron ƙasa yau, babu wadda ta fi kusa da dolfin da sauran manyan dabbobin teku irinsa kamar dorina. E, dorinar nan ta Kogin Kwara da ke kifar da kwalekwale. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna haka, ƙasusuwan da aka haƙo ma sun nuna. A 1981 aka bayyana ƙoƙon kan wata dabba da aka samu a Pakistan, aka sa mata suna Pakicetus. Ta rayu kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙafafunta huɗu, girmanta kamar na babban kare, amma ƙashin kunnenta irin wanda ba a samu sai a zuriyar dolfin. Alamar wannan asali na nan a jikinsa: in aka feɗe abin da yake tuƙi da shi a gefen ƙirji, ƙasusuwan hannu ne da yatsu a ciki, kuma ɗan tayinsa yakan fara tsiro da ƙafafun baya a makonnin farko kafin su shafe. Ayun da masunta suka sani a Binuwai, wanda mutum zai yi zaton shi ne ɗan'uwansa, ba dangin iya ba na baba. Ayu ɓangaren giwa ya fi karkata.

Nau'in dolfin ya kai wajen 40, daga 'yan ƙanana na Niyu Zilan da ba su wuce mita ɗaya da rabi ba, zuwa oka mai baƙi da fari wanda namijinsa kan kai mita 8. Wanda aka fi gani a hotuna shi ne mai gajeren baki kamar wuyan kwalba, kuma yawancin abin da aka sani daga kansa aka sani.

Zama a ruwa da huhu ya zo da wata matsala da mu ba mu taɓa tunaninta ba. Mu numfashinmu na tafiya ko muna barci. Dolfin kuwa kowane numfashi sai ya yi niyya, ya taso sama, ya buɗe hanci. To, yaya zai yi barci? A shekarun 1970 wani masani a Tarayyar Sobiyet, Lev Mukhametov, ya auna ƙwaƙwalwarsu ya gano cewa rabi-rabi take barci. Ɓangaren dama ya huta na hagu na gadi, an jima su yi musanya, kuma sau da yawa ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. Barcin zomo da muke faɗa da baki, a wurinsa gaske ne.

Sai maganar gani. A ruwa mai laka ko mai zurfi ido ba ya kai ko'ina, amma sauti na gudu: wajen mita 1,500 a daƙiƙa, ninki huɗu da ɗoriya na gudunsa a iska. Dolfin na fitar da wasu ƙananan ƙararraki, ƙas-ƙas-ƙas, daga hanyar hancinsa. Goshin nan nasa mai tudu ba ƙwaƙwalwa ba ce, curin kitse ne da ke tattara sautin ya harba shi gaba kamar hasken tocila. Sautin ya daki kifi ko dutse ya dawo, kitsen da ke cikin muƙamuƙinsa na ƙasa ya karɓa ya kai kunne. Daga jinkirin amsa-kuwwar da yanayinta yake gane nisan abu da girmansa da taurinsa, har da abin da ya ɓuya cikin yashi. Dabarar jemage ce, kuma ita ce dabarar na'urar da ake duba cikin mai juna biyu a asibiti. Kunnenmu yakan tsaya a girgizar sauti dubu 20 a daƙiƙa, nasa na kaiwa wajen dubu 150. A 1961 Kenneth Norris da abokan aikinsa a Amurka suka rufe wa wani dolfin ido da roba, ya ci gaba da kewaye shingaye yana tsintar abincinsa kamar ba a yi komai ba. Dolfin na Kogin Ganga a Indiya, wanda ake kira susu, ya kai abin ƙarshe: idonsa bai wuce bambance haske da duhu ba, da kunne yake rayuwarsa gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne fito. A 1965 wasu ma'aurata masu bincike, Melba da David Caldwell, suka lura kowane dolfin na da fitonsa na kansa da ba ya kama da na kowa. Tun yana jariri yake ƙirƙira shi, ya riƙe shi har tsufa. Daga baya aka gano cewa in ɗaya na neman wani, fiton wancan yake kwaikwaya, shi kuma ya amsa. In wannan ba suna ba ne, to ya yi kusa. A 2013 Jason Bruck ya kunna wa wasu da ke tsare muryoyin tsoffin abokan zamansu, ya ga suna gane fiton wanda suka rabu da shi sama da shekara 20. A Shark Bay ta yammacin Ostireliya kuma akwai wasu da ke tsinko soson teku su cusa baki a ciki kafin su tona ƙasan ruwa, don kada tsakuwa ta yanke su. Uwa ce ke koya wa 'ya'yanta, kuma 'ya'ya mata sun fi ɗauka.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin ba ya bukatar ƙarin gishirin da ake yi masa. Babban ƙarin gishirin shi ne murmushi. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan karin magana ba ta aiki a kan dolfin. Lanƙwasar bakin nan ƙirar muƙamuƙi ce. Haka take yana wasa, haka take yana ciwo, haka take a kan gawarsa. A Shark Bay ɗin da ake yabon masu soso, Richard Connor da abokansa sun shafe shekaru suna rubuta yadda maza biyu ko uku kan haɗa kai su ware mace ɗaya daga garke, su tsare ta kwanaki da duka da cizo. A gaɓar Sikotilan an sha tsintar gawarwakin wasu ƙananan 'yan'uwansu da haƙarƙari a karye, kuma shaidar haƙoran da ke jikinsu ta dolfin ce, ba kuma cin su suke ba. Naman daji ne mai wayo, mai ƙarfi, mai siyasar cikin gida. Ba waliyyi ba ne.

To daga ina sunan "mai ceton wanda ruwa ya ci" ya samo asali? Girkawa ne suka fi yaɗa shi, kuma labarin Ariyon ne ginshiƙinsa. Herodotas, marubucin tarihinsu, ya kawo shi a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Ariyon makaɗin fada ne a wurin Periander, mai mulkin Korinti. Ya tafi yawon kiɗa Italiya da Sisili, ya tara dukiya, ya shiga jirgi daga Taras zai koma gida. A tsakiyar teku matuƙa suka ce ko ya kashe kansa ko ya faɗa ruwa. Ya roƙi arzikin waƙa ɗaya. Ya sa kayan wasansa tsaf, ya ɗauki abin kiɗansa mai tsirkiya, ya rera, sannan ya yi tsalle. Dolfin ya goya shi har gaɓar Tainaron. Da ya isa Korinti ya ba da labari, sarki bai yarda ba, ya tsare shi har matuƙan suka iso. Da aka tambaye su suka ce ai sun bar shi lafiya lau a Italiya, sai ga Ariyon ya fito da kayan da ya faɗa ruwa da su. Herodotas ya ce a zamaninsa akwai ɗan mutum-mutumin tagulla a Tainaron, mutum a kan dolfin.

Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Uwa takan tura jaririnta sama ya sha iska, garke kan tallafi wanda ya ji rauni, an kuma sha ganin uwa na yawo da gawar ɗanta kwanaki ta ƙi sakinta. Dabbar da ke da ɗabi'ar tura abin da ke nutsewa za ta iya tura mutum. Sai dai a tuna, wanda aka tura gaɓa shi ke dawowa ya ba da labari; wanda aka tura wancan gefen ba a jin ta bakinsa.

Hulɗar da ta fi tabbata ba ta ceto ba ce, ta sana'a ce. A Laguna, kudancin Birazil, sama da shekara 100 ke nan masunta na jeruwa a ruwa iya ƙugu, kowa da birginsa a hannu, ba sa ganin komai don ruwan a gurɓace yake. Dolfin ne ke koro garken kifi zuwa gare su, in ya kawo su daidai sai ya yi wani nutso na musamman, baya a gantsare. Wannan ce alamar. Kowa ya watsa birgi, kifin da ya firgita ya tarwatse kuma ya faɗa bakin dolfin. Masuntan sun san masu aiki da su ɗaya bayan ɗaya, sun raɗa musu sunaye, sun kuma san waɗanda ba sa taɓuka komai. A Kogin Irrawaddy na Myanmar da ɗan katako ake ƙwanƙwasa jikin kwalekwale a kira su. Masuntan Imragen na gaɓar Muritaniya da sanda suke dukan ruwa. Kawun Filini, wato Filini Babba, ya rubuta irin wannan a wani tafki kusa da Nimes ta kudancin Faransa tun ƙarni na 1. Babu wanda ke yi wa wani alfarma a nan. Kowa cikinsa yake yi wa aiki, shi ya sa abin ya daɗe.

Mutanen da suka zauna da shi haka, su ne suka fi iya zana shi. A fadar Knossos ta tsibirin Kirit akwai zanen dolfin da ya kai shekara 3,500, shuɗaye da farin ciki da ratsi a gefe, ƙananan kifaye na kewaye da su. Sai dai mai ziyara ya sani, abin da ke jikin bangon yau sabon aiki ne. Arthur Evans, Baturen Ingila da ya fara haƙa wurin a 1900, 'yan gutsattsari ya samu, mai zanensa ya cike sauran, kuma akwai masanan da ke ganin asalinsa adon daɓe ne da ya rufto daga bene, ba na bango ba. Duk da haka gutsattsarin sun isa shaida cewa mai zanen farko ya ga dabbar da idonsa. Haka kofin da Exekias ya zana a Atina wajen 530 kafin Miladiyya, wanda ke Munich yanzu: Diyonisas, abin bautarsu na inabi, ya kishingiɗa a jirgi, kurangar inabi ta haye sandar jirgin, dolfin bakwai na kewaye. Tatsuniyar ta ce 'yan fashin teku ne da suka sace shi, suka firgita suka faɗa ruwa, ya mayar da su dolfin. Wato a tunanin Bagirke dolfin tsohon mutum ne. Birnin Taras ya buga kuɗi da hoton saurayi a kansa, Sirakus ta buga kan mace da dolfin huɗu na zagaye, Olbiya ta bakin Baƙin Teku kuwa ba ta tsaya hoto ba, kuɗin tagullar kansa ta zuba da siffar dolfin.

Daga nan hoton ya fara rabuwa da mai shi. Mai zane ya kwafa daga mai zane, wanda ya kwafa daga wanda bai taɓa ganin teku ba, kamar zakin da ake zanawa a bayan manyan motocinmu. Kafin a kai tsakiyar zamanin Turai, dolfin na tambarin sarakuna ya tsiro ɓawo irin na kifi, da ƙayoyi a baya, da gemu, wani lokaci har da haure, ya lanƙwashe kamar lauje. Wannan dodon ne ya shiga fadar Faransa. Masu mulkin wani yanki a kudu maso gabashin ƙasar suna da laƙabin Dauphin, wato dolfin. A 1349 na ƙarshensu, Humbert na II, bashi ya yi masa katutu ya sayar wa sarki Filib na VI da ƙasar, kuma daga lokacin duk yarima mai jiran gadon Faransa da wannan suna ake kiransa. A Venis kuma, daga 1502, Aldus Manutius ya riƙa buga dolfin naɗe da anka, ƙarfen da ake tsayar da jirgin ruwa da shi, a littattafan maɗaba'arsa, alamar da ya ɗauko daga tsohon kuɗin sarkin Rum Titus. Dolfin sauri, anka natsuwa. Ma'anar dai ita ce tamu ta sauri ya haifi nawa.

Ban ga laifin ado ba. Abin da ke damuna shi ne yadda hoto kan yi ƙiba alhali mai hoton na ramewa. A Kogin Yangtze na ƙasar Sin akwai wani farin dolfin, baiji, da tatsuniya ta ce yarinya ce da ruwa ya ci ta rikiɗa. A shekarun 1980 birnin Tongling ya ɗauke shi tambari: otal da sunansa, takalma da sunansa, har takin zamani. A daidai lokacin ƙugiyoyi da ragogi da kamun kifi da lantarki da farfelar jiragen ruwa suna cinye shi, ga ƙarar injuna da ta toshe wa dabbar da ke gani da kunne hanya. Ƙidayar 1997 ta ga 13. Qi Qi, wani baiji da aka kama a 1980 aka ajiye a Wuhan, ya mutu a 2002. A ƙarshen 2006 masana suka yi mako shida a jirage biyu suna bin kogin da na'urorin saurare, ba su ga ko ɗaya ba. A Amazon, inda ake cewa jan dolfin na rikiɗa saurayi mai farin kaya da malafa ya yaudari 'yan mata a wajen rawa, dolfin sama da 150 suka mutu a Tafkin Tefé a 2023, lokacin da fari ya sa zafin ruwan ya haura digiri 39.

Mu ma muna da namu, ko da yake ba mu san da shi ba. Akwai wani dolfin mai ɗan tozo a baya wanda duk duniya ba a samunsa sai a gaɓar Afirka ta yamma, daga Yammacin Sahara zuwa Angola, har da ruwan Najeriya. Daga wani ƙoƙon kai da aka samu a Kamaru aka fara bayyana shi a 1892. Ba ya son zurfi, bakin gaɓa yake kiwo, wato daidai inda ƙananan masunta ke shimfiɗa kalli. Ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba, kuma a 2017 aka sa shi a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Shi ba a taɓa buga shi a kuɗi ba.

Wanda kalli ba ya kaiwa shi ne na sama. Girkawa sun ce da Fosaidon, abin bautarsu na teku, ya nemi auren Amfitrit, sai ta gudu ta ɓuya can wajen duwatsun Atlas. Ya baza manzanni, dolfin ne ya gano ta ya lallashe ta ta dawo, aka saka masa da gurbi a cikin taurari. Ɗan aiken neman aure ke nan da ya ci tukuici mai tsoka. Wasu kuma suka ce a'a, wanda ya goyi Ariyon ne. Batlimus na Iskandariya ya sa shi cikin rukunan taurari 48 da ya lissafa wajen shekara ta 150, da taurari goma, kuma yana nan cikin 88 da masana suka amince da su a yau, da sunan Delphinus. Ƙarami ne, na 69 a girma, babu tauraro mai haske sosai a cikinsa: huɗu sun yi siffar lu'ulu'u, na biyar ya ɗan ja baya ya zama wutsiya.

A nan ma kowa abin gidansu ya gani. Abdurrahman Assufi, wanda ya rubuta littafinsa na taurari a 964, ya bi Batlimus ya kira shi Addulfin, amma ya faɗi cewa Larabawa na ce wa huɗun nan Alƙa'ud, wato ɗan raƙumin hawa, gama-garin mutane kuma na cewa Assalib, gicciye. Sinawa duma suka gani. Turawan Ingila suna ce masa akwatin gawar Ayuba. Mu da muka dubi Surayya muka ga kaza da 'ya'yanta ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Taurarin kansu ba su san juna ba: mafi haske a cikinsu haskensa kan yi shekara 100 kafin ya iso mu, na kusa da shi a ido kuma ya ninka wannan nisa har da ƙari. Daga inda muke tsaye ne kawai suka yi layi.

Waɗannan biyun suna da sunaye masu ban mamaki, Rotanev da Sualocin. Yawancin sunayen taurari Larabci ne da bakin Turawa ya lauya; na wutsiyar ma Aldulfin ake ce masa, daga "zanabud dulfin". Amma waɗannan ba Larabci ba, ba Girkanci ba, ba Latin ba. Haka kawai suka bayyana a kundin taurarin da ɗakin binciken Palermo ya fitar a 1814, ƙarƙashin Giuseppe Piazzi, babu bayani. Masana suka yi ta fassara ta ƙarfi da yaji. Sai bayan shekara 45 wani limamin coci a Ingila, Thomas Webb, ya karanta su daga baya zuwa gaba: Nicolaus Venator. Mataimakin Piazzi sunansa Niccolò Cacciatore, ma'anar sunan "maharbi", kuma da Latin shi ne Nicolaus Venator. Ko yaron gida ne ya saci hanya ya rubuta sunansa a sama, ko maigidan ne ya karrama wanda zai gaje shi, har yau ana gardama. Ya dai gaji kujerar a 1817, kuma a 2016 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar da sunayen biyu a hukumance. Shekara guda kafin nan an raɗa wa wata duniya da ke kewaya ɗaya daga taurarin rukunin suna Ariyon, tauraron nata kuma Musica.

Mu a nan mun fi Girkawan sa'ar ganinsa. Daga Kano zuwa Sakkwato da Damagaram, rukunin na bi ta kusan tsakar ka. A ƙarshen Satumba wajen ƙarfe 8 da rabi na dare yake kaiwa ƙololuwa, a ƙarshen Oktoba kuma tun tsakanin magariba da lisha, kuma wannan ne lokacin da ya fi, damina ta ɗauke, hazo bai sauko ba. A nemi daren da babu farin wata. A fara da tauraron nan mai haske da Larabawa ke kira Annasruɗ Ɗa'ir, mikiya mai tashi, wanda ƙanana biyu suka sa a tsakiya. A miƙe hannu a dunƙule, a auna dunƙule ɗaya da 'yar ɗoriya zuwa arewa maso gabas. A watan Agustan 2013 wani Bajapane mai kallon taurari don sha'awa, Koichi Itagaki, ya ga sabon tauraro ya kunno a wannan yanki, har ya kai ana ganinsa da ido na wasu kwanaki kafin ya dushe.

Bara, wani dare da aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, na hau soro da 'yar ƙanwata mai shekara takwas. Sai da muka ɗan jima ido ya saba da duhu kafin ɗigon nan biyar suka fito. Na riƙe yatsanta ina bi da shi, ga baki, ga baya, ga wutsiya, ina ba ta labarin makaɗin da ya faɗa teku da kayan wasansa. Ta ƙura ido can, wuya a tanƙware, sannan ta ce, "Kawu, wannan ai ludayi ne."